Rubutun Malam a Rumbun Auta

Shekara arba'in da ɗoriya na zauna da mutumin da yake rubutu, ni kuwa ko baƙi ɗaya ban sani ba. Auta ce ke rubuta mini wannan, 'yata ta ƙarshe, kuma na gaya mata ta sa duk abin da na faɗa, har wuraren da ba za su yi mata daɗi ba, har waɗanda ni ma ba su yi mini ba.

Malam manomi ne, ni ce dai nake kiransa Malam tun muna sabon aure. A Runka muke. Ya yi karatun allo yana yaro, ya fito da rubutun ajami, bai kuma taɓa sakinsa ba. Ranar da ruwan shuka ya sauka sai ya rubuta. In saniya ta haihu, in an haƙa rijiya, in an yi saɓani kan iyakar gona aka daidaita a gindin wata bishiya, bayan la'asar zai jawo gafakarsa ya zauna a bakin rumbu da tawada da alƙalamin kara. Nakan kawo masa fura in tsaya a kansa in ce, "Yau kuma wa aka kai ƙara?" Sai ya ce, "Ke ce. Na rubuta furar yau ta yi ruwa." Ban taɓa sanin ko wasa yake yi ba. Ban kuma taɓa cewa ya karanta mini ba. Yana nan, takardun suna nan, ban ga abin gaggawa ba.

Da zaman Runka ya gagara saboda 'yan bindiga muka tattara muka taho Batsari a bayan a-kori-kura. Mun bar hatsi a rumbu, mun bar garma, amma gafakar tana kan cinyarsa har muka iso. Damina biyu ya yi a nan. Mutumin da kullum ƙafarsa da ƙasar gona ya koma zaman benci a ƙofar gidan haya, yana kallon masu babur suna wucewa. Bai daɗe yana jinya ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Har yau in na share ƙofar gida na zo kan bencin nan sai in ajiye tsintsiya in zauna in yi kukana. Ba na ɓoyewa. Mata suna cewa in yi haƙuri. Ina yi, amma kukan ma ina yi.

Katanga ɗaya ce tsakanina da wata mata 'yar Zakka, wadda ita ma gudun ne ya kawo su. Mijinta mai kiwo ne, ya rasu bayan Malam da 'yan watanni. Ubanta malami ne, a zaurensa ta sauke Alƙur'ani, yanzu tana koya wa matan unguwa karatu, shi ya sa kowa ke ce mata Malama. Na girme ta, Yaya take ce mini. Ba ta taɓa yi mini laifi ba. Wannan ma a rubuta shi, don abin da zai biyo baya.

Ita Auta karatun kwamfuta ta yi, tana aure a Katsina, sana'arta gina wa mutane shafuka a intanet. Mutanen yankinmu da suka warwatsu, wasu a Katsina, wasu a Kano, wasu har Abuja, suka roƙe ta ta yi musu wuri guda da za a zuba abin da tsofaffi suka bari a rubuce, don jikokin da ba su san ƙauyen ba su san wa ya haƙa wace rijiya, gonar wa ta tsaya a ina. Suka ce a sa shi da ajami yadda masu shi suka rubuta. Sai ta taho Batsari da kwamfutarta za ta yi mako biyu a wurina.

Ranar da za ta fara ta ce, "Inna, bari in soma da na mijin Malama. Nashi takarda shida ne kawai, in gwada in ga yadda abin zai zauna."

Na ce, "Ubanki ya girme shi da shekara nawa?"

"Gwaji ne fa, Inna."

"A masallaci ma ba ya shiga gabansa. Yau don ba ya nan sai a sa shi a baya? Kuma 'yarsa ce mai aikin?"

Ta buɗe gafaka. Ni na sa aka fara da shi, ba wani ba.

Sai aka tarar Auta ba ta iya karanta hannun ubanta ba. Ita Islamiyya ta yi, rubutun da ta sani daban ne, nashi kuwa irin na allo ne, ga tawadar ta dushe. Ta san inda baƙaƙen suke a kwamfuta, amma sai an kira mata su. Duk unguwar mace ɗaya ce za ta iya. Haka Malama ta riƙa shigowa kullum da hantsi, ta gaishe ni har ƙasa, ta tambayi kwana, ta tambayi ƙafata, ta tambayi haƙuri, sannan ta zauna a tabarmata ta ɗora takardun mijina a cinyarta.

Ranar farko na zauna da su. Ta ɗaga takarda ta kawo kusa da ido, ta ce, "Kai, Malam yana da hannu mai kyau." Ta bi layin da yatsa, leɓenta yana motsi, ta gyaɗa kai kamar yana yi mata magana ita kaɗai. Na wanke wa mutumin nan kaya shekara arba'in, na san tarinsa a cikin tarin maza goma, ga wata da ba ta taɓa ba shi ko ruwa ba ta shiga inda ban taɓa shiga ba. Na tashi na ce awakina ba su ci ba.

Daga ranar ban ƙara zama ba. In sun fara sai in koma bayan zana wajen awaki, ko in ɗauki daddawata in tafi kasuwa ko da ba ranarta ba ce. Na ce a raina, ba zan ji maganarsa daga bakin wata ba. In an gama, Auta ta karanta mini daga farko har ƙarshe, mu biyu, ba kowa. Ta bayan zana abin da nake jiyowa sunayen baƙaƙe ne kawai: mim jaye, lam ara, ba guje. Malama tana kira, Auta tana dannawa.

Wata rana, wajen kwana na tara, na ji Malama ta yi dariya. Ba ta ƙarfi ba, irin wadda mutum ke yi ta hanci. Auta ta ce, "Mene ne, Malama?" Ta ce, "Rubuta dai, 'yar nan." Sannan ta leƙo ta kan zana ta dube ni, ta koma. Na ci gaba da yanka wa awaki harawa kamar ban gani ba. Da ta tafi ban tambayi Auta ba. Na ce ai yana cikin kwamfuta, zai jira ni.

Takarda hamsin da biyu suka shigar. Duk wadda aka gama sai Auta ta danna wani wuri, kwamfutar ta nuna mata wani koren rubutu, ta ce, "Ta shiga rumbu." Haka suke kiran wurin ajiyar, rumbu, kuma ba a cikin kwamfutarta yake ba, yana can wani gari. Ranar da za ta koma Katsina na tambaye ta, "Duka sun shiga?" Ta ce, "Duka, Inna. Yanzu ko gobara ba ta cin su. Saura in gina shafin da za a riƙa karantawa, in dawo in nuna miki."

To, takardun nan tun a Runka gara ta fara taɓa su, juyawar da aka yi musu kuma ta ƙarasa su. Gefunansu suna zubowa kamar dusa. Kowace da sunan Allah take farawa, wannan kam na sani, don na san kamannin bisimilla ko ban iya karantawa ba. Wata safiya na tarar da kaza tana tsattsagar wani guntu a tsakar gida. Hankalina ya tashi. Na aika aka tambayo mini limamin unguwa, ya ce takardar da ke da sunan Allah in ta lalace, a ƙone ta a wuri mai tsarki a binne tokar inda ba a takawa. Na wanke sabon kasko, na yi alwala, na ƙone su ɗaya bayan ɗaya ina yi masa addu'a. Na binne tokar a gindin katanga na ɗora dutse. A ranar har wani sanyi na ji a zuciyata. Na ga na mutunta shi, na kuma ga babu wata da za ta ƙara ɗora su a cinya.

Bayan kwana goma Auta ta dawo. Tun daga sallamarta na san akwai magana. Ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Inna, ina gafakar Baba? Zan ɗauki hoton takardun, sannan sai mun sake shigar da su."

Na nuna mata dutsen.

Sai ta zauna a ƙasa, ba ma a tabarma ba, ta buɗe kwamfutar ta juyo mini da ita. Lambar kowace takarda tana nan a sama, ita na gane, don na san lamba saboda kasuwa. Amma a ƙarƙashi babu baƙi ko ɗaya irin na Malam. Wata alama ce guda ɗaya, kamar lauje da ƙwayar gero a gindinsa, an jera ta tari-tari, layi bayan layi, tun daga takarda ta ɗaya har ta hamsin da biyu.

Na ce, "Wannan wane baƙi ne?"

Ta ce, "Ba baƙi ba ne. Alamar tambaya ce."

"Wa ake tambaya?"

Sai ta fashe da kuka. Da ta lafa ta yi mini bayani, na sa ta maimaita har sau uku, ga yadda na riƙe shi. Akwai shafin da take rubutu a kai, akwai rumbun da ake ajiya, tsakaninsu kuma akwai hanya. Shafin ya san baƙaƙen ajami, rumbun ma ta gina shi ya san su. Amma duk sanda za a buɗe hanyar, sai an faɗa mata irin baƙaƙen da za ta ɗauka. Ita ba ta faɗa mata ba. Sai hanyar ta ɗauka na Turawa ne kaɗai za su bi ta kanta, duk wanda ba ta sani ba ta jefar da shi ta sa lauje a madadinsa.

Na ce, "Da ta ga ba ta san su ba, me ya hana ta dawo miki da su? Ko ɗan dako in ya ga kayan sun fi ƙarfinsa ai yana faɗa."

"Ba ta faɗa, Inna. Cewa take yi an ajiye."

"To a buɗe rumbun a duba ƙasa. Wataƙila sun zube a ciki."

"Ba su kai rumbun ba. Tun a hanya suka ɓace. Da wani irin rubutun banza ya fito, da ana iya juya shi ya dawo. Wannan ba ya dawowa."

Ta nuna mini gyaran. Layi ɗaya ne, bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Ta faɗi sunan abin da ta sa a ciki, ni dai takwas ɗin da ke cikinsa na riƙe. Ta ce da ta gwada takarda ɗaya ta buɗe ta duba, da tun ranar farko ta gani. Ba ta ce da na bari an fara da na mijin Malama ba. Ni ma ban ce da ta gaya mini za ta ɗauki hoto ba. Muka zauna kowa da nasa.

Na tambaye ta ko ta riƙe wani abu a ka. Ta ce kaɗan, ruwan sama da haihuwar shanu. Ta ce, "Ni baƙaƙe nake ji, idona yana kan madannai ina neman inda suke. Malama ce take ganin maganar."

Washegari aka shigar da na mijin Malama ta gyararriyar hanya. Takarda shida, maganin ciwon shanu da sunayen wuraren kiwo. Suka fito tas, baƙi na bin baƙi, har da wasulansu. Kafin mako ya zagayo jikokin Malama na Kano sun bugo waya suna karanta mata, tana ɗaga muryar wayar har ina ji ta kan katanga. Wani tsoho daga Abuja ya aiko da saƙon murya yana cewa Allah Ya jiƙan mai wannan ilimi. Mijin nata fa, mutumin da ko sallama ba ya iya yi da kyau. Astagfirullah, ya riga mu gidan gaskiya, amma haka na faɗa a raina, a rubuta. Malam da ya rubuta shekara arba'in yana nan da laujuna, mai takarda shida ya zama abin kwatance.

Na daina amsa gaisuwarta da kyau. In ta ce, "Yaya, ina kwana, ya ƙafar?" sai in ce lafiya in juya. Ta aiko mini da dambu na ba awaki. A wajen wani suna mata suka yi ta yaba mata, wata ta juyo ta ce mini, "Ke kuwa na Malam yaushe za mu gani?" Na ce ana gyara. Malama tana ji, ba ta tona ni ba, wannan ma haushi ya ba ni. Abin da ya fi ci mini rai ba takarda shidan ba ne. Duk duniya yanzu ciki ɗaya ne ya ɗauki maganar mijina, kuma ba nawa ba ne.

Wata guda na yi a haka. Ran nan Auta ta zo, na sa ta buɗe mini shafin. Na ce, "Wace takarda ce Malama ta yi wa dariya?" Ta ce ta talatin da ɗaya, layin ƙarshe, ta riƙe don ta tambaya ba a ba ta amsa ba. Na daɗe ina kallon layin. A wannan shafin ni da duk wani mai karatu ɗaya muke. Na ɗauki mayafi na ce ta biyo ni da kwamfutar.

Malama tana tsince wake. Ta tashi da sauri ta shimfiɗa mini tabarma. Na gaishe ta gaisuwar da na hana ta wata guda, na tambayi yara, na tambayi haƙuri. Sannan na ce, "Me kika gani kika yi dariya?"

Ta ce, "Yaya, ai na zaci ba za ki taɓa tambaya ba. Kullum ina karantawa ina ɗaga murya don ki ji ki zo ki zauna, ke kuma kina can kina ba awaki abincin da ya ishi shanu."

"Ban zo faɗa ba."

"Ni ma ba shi nake yi ba." Ta ture faifan waken. "Akwai shekarar da kika ce ɓeraye sun cinye irin gero?"

Shekarar yunwa ce, Auta ba a haife ta ba. Malam ya ce a daka irin a ci, in damina ta zo Allah Zai kawo wani. Na juye shi a tukunya na liƙe bakin da laka na tura ƙarƙashin gado, na ce masa ɓeraye sun gama da shi. Muka sha wuya, yara suna kuka ina kwance a kan gero. Ranar da ruwa ya sauka na jawo tukunyar na ajiye a gabansa. Ya dube ta, ya dube ni, ya ɗauka ya fita. Bai taɓa tayar da maganar ba har ya mutu, ni kuma na zauna da cewa bai yafe mini ƙaryar ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Malama ta ce, "Ya ba da labarin duka. A ƙarshe ya ce: mai ɗakina ta yi mini ƙarya ta cece mu."

Na yi kuka a tsakar gidanta har maƙwabta suka leƙo. Ita ma ta yi. Ta riƙe hannuna na bar ta ta riƙe.

Da na share ido na ce ta sake faɗa a hankali. Na jawo faifan, duk kalmar da ta faɗa in ajiye wake ɗaya. Tara. Na sa yatsa a kan gilashin kwamfuta na ƙirga tarin laujunan layin, yadda ake ƙirga dami. Goma sha ɗaya. Na sake, goma sha ɗaya.

Na ce, "Saura biyu."

Malama ta leƙa ta ce, "Ikon Allah. To, wallahi Yaya, abin da na riƙe ke nan."

Auta ta ce, "Inna, ƙila alhamdu lillahi ne. Kalma biyu ce, kuma Baba yana yawan rufewa da ita."

Na ce, "In ita ce, Malama ce za ta manta da ita?"

Malama ta yi 'yar dariyar nan tata ta hanci, ta ce, "Yaya, ke dai ba a iya miki."

Tun daga ranar takan shigo in ta tashi daga karatun mata, ta faɗi abin da ta tuno, wata rijiya, wata iyaka, Auta ta shigar in ta zo, ta kuma buɗe ta duba a gabana kafin ta rufe. Mun samu abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Na ce kowanne a rubuta a kansa cewa daga bakin Malama aka ji, don gaskiya ke nan, ko da yake duk sanda aka karanta mini wannan wurin sai na ji zafinsa.

A takarda ta talatin da ɗaya na hana a cike gurbin. Kalma tara suna nan, tari biyu na lauje suna biye da su. Shekaranjiya na sake tambayarta, muna ɓarar gyaɗa, kamar ba da gangan ba. Ta ce ta kwana tana nema ba ta samu ba. Na dubi fuskarta da kyau. Wataƙila gaskiya take faɗa. Ranar Alhamis in mun dawo daga kasuwa zan ƙara tambaya.